Abin da Aka Zuba a Ragar Sundok

A ƙauyenmu na gabashin tsibirin Jeju, idan mai nitso ta ce kunnenta ba ya ji sosai, babu mai ɗaga kai ya dube ta. Duk wadda ta tsufa tana shiga ƙarƙashin teku da numfashi ɗaya, ruwa ya riga ya ci rabonsa a kunnenta. Shi ya sa muke magana da ƙarfi, har baƙi su zaci faɗa muke yi. Ciwon kai da jiri kuwa, garin magani ake haɗiya da ruwan ɗumi kafin a sa rigar roba, shi ke nan an wuce wurin.

Na Yaya Sundok daban ne, kuma kowa ya san daban ne. Shekarun baya an kai ta Seoul, aka buɗe bayan kunnenta na dama aka cire wani ƙari da ya tsiro a kan jijiyar ji. Ba irin mugun nan ba ne mai yawo a jiki, sai dai yana girma a inda babu wuri. Kunnen ya tafi tare da shi. Likitan ya bar ɗan siririn saura manne da jijiyar fuska, domin a lokacin bikin 'yarta Hyeran ya matso, ita kuma ta ce ba za ta zauna gaban surukai da baki a karkace ba. Aka ce ta riƙa zuwa ana ɗaukar hoton kanta duk shekara. Ta je, ta sake zuwa, kullum maganar ɗaya ce: yana nan yadda yake. Ranar da ake ba ta kuma sai ta faɗo daidai lokacin da ake buɗe ruwan bushiyar teku. A hankali ta daina zuwa.

Hyeran ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi fushi ta daina kiran waya. A ƙarshe suka yi wata yarjejeniya a gabanmu duka, muna zaune a bultok, zagayen baƙaƙen duwatsun da muke hura wuta a ciki idan mun fito daga ruwa. Hyeran ta ce to ta ji, uwar ta ci gaba da nitso, amma duk ranar da kamunta ya faɗi ƙasa da na tsaranta, za ta zo ta ɗauke ta zuwa asibiti, kuma ruwa ya ƙare. Sundok ta yi dariya ta ce ta yarda. Lokacin babu wadda ke fito da raga mai nauyin tata a duk gaɓar nan. Daga ranar, duk ƙarshen wata Hyeran sai ta bugo wa ofishin ƙungiyar masu nitso daga babban birnin tsibirin ta tambayi yadda awon mahaifiyarta yake. Kullum a ce mata tana cikin na sama.

Ni ba na cikin manyan masu nitso. Daga ƙauyen gindin dutse aka kawo ni aure, na koyi ruwa a makare, numfashina kuma gajere ne, don haka a kusa da gaɓa nake aiki inda ake hango ƙasa. Shekarar da na fara, na sha fitowa da raga kamar an wanke ta. Wata rana ina ƙasa ina fama da wani dutse, da na taso sai na ji goran da nake dafawa a saman ruwa ya yi nauyi. Na leƙa ragar da ke rataye ƙarƙashinsa, ga dodon koɗi cike da tafi biyu, waɗanda hannuna bai taɓa ba. Na waiga, sai bayan Yaya Sundok na gani tana nisa. Da na buɗe baki a bakin wuta zan yi godiya, surukata ta take mini ƙafa. Gesok ake ce wa wannan al'ada. Mai ƙarfi ta zuba wa mai rauni, amarya ko mai ciki ko tsohuwa. Wadda ta zuba ba ta faɗa, wadda aka zuba wa ba ta gani ba. Haka muka tarar, haka muke yi.

Abokiyar ruwan Sundok ita ce Gapseng. Ba a nitso a zurfi mutum ɗaya. Ɗaya ta shiga, ɗaya na sama tana kallo. Su biyun tun suna 'yammata suke tare, kuma ban taɓa jin sun yi wa juna magana mai daɗi ba. Gapseng bahaguwa ce, gajera, mai murya kamar ta injin jirgi.

"Ke kurma, juyo da kunnen kirkin nan zan yi magana."

"Abin da za ki faɗa ai na banzan ma ya ishe shi," in ji Sundok, tana ɓare gasasshen dankali.

"Ku ji ta. Likitocin Seoul sun buɗe kan nan sun leƙa, suka tarar ba komai, suka rufe."

"Naki ko buɗewa ba za su yi ba. A ido ake gani."

Haka suke tun safe har ruwa ya ja. Idan Sundok ta tashi daga bakin wuta ta ɗan dafa dutse, Gapseng sai ta ce tsufa ne, a kawo wa kaka sanda. Mu yi dariya. Dukanmu muna dafa dutse.

Abin ya faru a ƙarshen kaka, lokacin dodon koɗi, ruwa ya fara sanyi. Ina can wurina na ji muryar Gapseng ta canza. Da na ɗago, na hango ta tana jan Sundok da hannu ɗaya, ɗayan hannun rungume da gora, sauran manyan suna iyo wajensu. Aka fito da Sundok kan duwatsu ta yi ta amai. Da ta samu numfashi, ta ce kifin da ta ci da safe ne bai yi mata ba.

Gapseng ba ta tsokane ta ba. Ta gaya mana, tana kallon wutar, cewa tana sama tana dubanta ta cikin madubin nitso da ke fuskarta, ta ga ta saki dutse ta buga ƙafa kamar mai tasowa, amma maimakon ta nufi haske sai ta karkace ta nufi ƙasa, wajen duhun ramin nan na bayan ɗan tsibirin da ke gaban ƙauye. Tana bugawa da ƙarfinta, a ganinta sama take zuwa. Da ɗamarar dalmar da muke ɗaurawa don nauyi ta kamo ta. Ta ce kuma ba yau ne farko ba, yau ne dai ya yi nisa.

Gapseng da kanta ta kira Hyeran, tun rigar roba na jikinta. Sundok ta ji, ta kwashe kayanta ta wuce gida ba ta ce wa kowa sai gobe ba.

Ni aka ce in raka ta Seoul, saboda Hyeran ba za ta samu dogon hutu a wurin aiki ba, ni kuma tun da na shiga makarantar manya ina iya karanta allunan asibiti da takardar magani. Sundok ta ce ta yarda da ni don ba ni da surutu. A jirgin sama na zauna a hagunta. Da muka bar teku a baya, sai ta ce in duba mata ko ta kashe tukunyar shinkafa, kamar ina iya gani daga sama.

Likita Pyo mace ce mai furfura da sanyin murya, sai na riƙa maimaita maganarta a kunnen Yaya na hagu. Ta nuna mana hoton a bango. Ko ni na gane shi: wani farin dunƙule, ya kai ƙaramin lemon da ake bari a ƙasa ba a tsinta, ya tura abin da ke gefensa ya lanƙwasa. Ta ce sauran nan ne da aka bari, ya farka ya girma, yanzu yana danne wurin da ke riƙe wa mutum tsayuwarsa da sanin sama da ƙasa. Ta tambayi yaushe jirin ya fara. Sundok ta ce duk mai nitso tana jiri. Ta tambayi ko aikinta ya ragu a 'yan shekarun nan.

Hyeran ce ta amsa. Ta ce ko kaɗan, ita da kanta take bin awon, mahaifiyarta ba ta taɓa sauka daga sahun gaba ba. Likitar ta sake duban hoton, ta ce abin mamaki ne, da irin wannan mutane da yawa tafiya a kan titi ma gagararsu take yi.

Sai Hyeran ta tambayi abin da da ba ta tambaya ba. Ta ce da an zo da wuri fa? Likitar ba ta ɓoye ba. Ta ce da an same shi yana ƙarami, kamar shekara biyu baya, akwai injin da ke gasa shi da haske daga waje, ba yanka ba jini, safiya ɗaya, mutum ya kwana gidansa. Yanzu ya wuce girman da hasken ke iyawa. Dole a sake buɗewa, ta tsohon wurin, inda tabo ya haɗe komai wuri ɗaya, jijiyar fuskar kuma ta miƙe a jikinsa ta yi siriri kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Na tsaya ban maimaita wannan ba. Sundok ta taɓa gwiwata, sai na faɗa mata duka.

Ta ce, "Ki tambaye ta, zan koma ruwa?"

Likitar ta ce ba za ta yi mata alkawari ba. Ta ce hanya biyu ce: a cire shi duka, fuskar na iya shanyewa ta ɓari ɗaya, ko a sake barin saura, wataƙila ya dawo karo na uku lokacin da jikinta ba zai ɗauki aiki ba.

"Wancan karon fuska na zaɓa," in ji Sundok. "Biki ya wuce. Yanzu wa ke kallona, kifi? Ta kwashe shi duka. Ta bar mini ƙafafuna da numfashina kawai."

Ana gobe za a yi aikin, da hantsi, sai ga Gapseng a ƙofar ɗaki, da rigar zuwa biki da wata tukunya a ƙulle cikin zane. Ba ta taɓa shiga jirgin sama ita kaɗai ba. Kunun shinkafa da kumbar teku ta dafo, ta rungumo shi tun daga tsibiri, ta yi faɗa da masu bincike a filin jirgi a kansa.

"Ga shi nan, ki ci kafin su sake leƙa kan su tarar ba komai."

"Wa ya aiko ki?" in ji Sundok. "Ai kin gama aikinki tun da kika kira waya."

Amma ta ci. Ta ce gishiri ya yi yawa, ta ƙara cokali.

Da aka zo ɗaukar ta gwajin jini, Gapseng ta ja ni zuwa wani ɗan lambu da aka yi a saman ginin, muka zauna a benci cikin iska. Ta ce in gaya mata abin da likita ta faɗa, kada in rage. Na faɗa mata. Da na zo kan maganar hasken, da shekara biyu, da safiya ɗaya, ta sa na sake faɗa. Sai ta zura hannuwanta tsakanin gwiwoyi ta daɗe tana kallon tukwanen furannin da sanyi ya kashe.

Ta ce shekarar da guguwa ta ɗauke rufin ɗakin awo, a nan ta fara lura. Sundok za ta shiga, ta daɗe, ta fito da abu ɗaya ko hannu wofi. Tana kai ƙarfen ɓamɓara ga kumba sai ta kuskure, kamar dutsen ya matsa. Ranar farko ragar ba ta kai rabin ta kowa ba, ga ƙarshen wata ya zo, ga wayar Hyeran. Sai Gapseng ta jira Sundok ta nutse, ta matsa ta zuba mata nata. Washegari ma haka. Da abin ya fi ƙarfinta ita kaɗai, ba ta gaya wa kowa ba, amma sauran manyan suna da ido. Sai ta ga wannan ta ratso ta zuba, waccan ta ratso ta zuba. Ba su taɓa zama sun yi maganar ba, ko sau ɗaya. Kowacce ta koma gida da nata a rage, ragar Sundok ta hau ma'auni da nauyinta na da.

"Mun ce tsufa ne," in ji ta. "Mun ce a bar ta ta ƙarasa da mutuncinta, kada yarinya ta zo ta cire ta daga ruwa kamar tsohon jirgi. Ita ta ciyar da rabinmu a cikin ruwan nan. Ke ma ai kin ci."

Na ce na ci.

"To me za mu yi? Mu tsaya muna kallo a auna ta a gaban yara?"

Ta share hanci da bayan hannu, ta ce kada in kuskura in gaya wa Hyeran, balle Sundok. Ta ce idan Sundok ta ji cewa shekara biyu abin wasu take kaiwa ma'auni, aikin likita ba zai kashe ta ba, wannan zai kashe ta.

Aikin ya ci yini guda. Muka zauna a ɗakin jira mu uku, Hyeran a tsakiya. Ta yi ta faɗin laifinta ne, ita da ta yarda da ma'auni maimakon ta zo ta kalli yadda uwarta ke tafiya. Ta juya wajen Gapseng ta ce, Goggo, ke da kike tare da ita kullum, ba ki ga komai ba? Gapseng ta ce ruwa duhu gare shi. Ta tashi ta ce za ta nemo shayi, ba ta dawo ba sai da rana ta karkata.

Likita Pyo ta fito da shatin hula a goshinta. Ta ce an cire shi duka. Ta ce jijiyar fuskar ba ta tsinke ba, amma ta sha wuya, kuma da suka gwada ta a ƙarshe ba ta amsa ba. Wataƙila ta farfaɗo kaɗan a cikin shekara, wataƙila a'a.

Da Sundok ta farka, ɓarin fuskarta na dama ya sauka kamar rigar da ta zame daga ƙusa. Idon ba ya rufuwa. Da rana ina ɗiga masa magani, idan za ta yi barci a manne shi da filasta. Miya tana zubowa ta gefen baki, ta koyi karkata kai tana sha. Ta nemi madubi sau ɗaya, ta duba, ta ce ai ba ta fi Gapseng muni ba har yanzu. Gapseng ta riga ta koma ƙauye, don haka ba wanda ya rama.

Tafiya ce ta fi ba ta aiki. Kwanakin farko bango take bi, ni a gefe, ƙasa tana tashi tana sauka a ƙarƙashinta. Amma mace ce da ta saba da abin da ke motsi. Kafin a sallame mu tana zuwa ƙarshen baranda ta dawo ba ta dafa ba, tana ƙirga mini takunta da gadara. Duk mai aikin jinyar da ta shigo sai ta gaya mata cewa da bazara za ta koma ruwa. Su ce to, kaka, sannu a hankali.

Ta yi sanyin shekarar a gidan Hyeran a birni. Da furannin rawaya suka buɗe a gonaki ta dawo ƙauye, ta ce a kai ta ruwan kakanni. Wani ɗan lungu ne mara zurfi da duwatsu suka kare daga igiyar ruwa, wanda aka keɓe wa tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare. Mai ƙarfi ba ta taɓa komai a cikinsa. Sundok ta sha cewa gara ta mutu da a gan ta a can. Hyeran ta ce ta yarda da gwaji ɗaya, ta kawo ta a mota, ta tsaya a bakin hanya don ta ce ba za ta iya kallo ba.

Ba ranar aiki ba ce, amma manyan duk sun zo, kowacce da dalilinta: wannan gyaran raga, waccan neman takalmin da ta manta. Ni da Gapseng muka shiga tare da ita, ruwa iya ƙirji. Ta goge madubin nitsonta da ganye kamar kullum, ta ɗora a fuska, ta ja igiyar. Ta sa kai.

Ba ta daɗe ba ta ɗago. Madubin ya cika da ruwa har rabi. Kuncin dama ya saki, robar ba ta samun abin kamawa, ruwa yana shiga ta nan. Idon da ba ya ƙiftawa ya yi jajur cikin gishiri. Ta zubar, ta ƙara ɗaure igiyar har ta shige cikin fata, ta sake shiga. Wannan karon ta kai ƙasa, na ga hannunta ya taɓa dutse, ta taso daidai, ba ta karkace ba. Ta kama gora ta buɗe baki don ta saki numfashi.

Kowace mai nitso idan ta taso tana sakin numfashi da wani dogon fito, da shi abokiyar ruwanta ke sanin ta fito lafiya ko da igiyar ruwa ta raba su. Na Sundok ana jin sa daga gaɓa. Yanzu leɓen ya ƙi haɗuwa. Iskar ta fita ta gefen baki da wani ɗan huci, ruwa na biye da ita. Ta sake gwadawa. Ta sa yatsa ta tallafe gefen bakin ta gwada. Gapseng da ke kusa da ita ma da ƙyar ta ji.

Ta tsaya a cikin ruwan tana kallon can inda manyan ke aiki, bayan ɗan tsibirin. Sai ta cire madubin ta rataya a gora, ta juya ta nufi gaɓa. Ba mu riƙe ta ba.

A bultok an riga an hura wuta. Na ɗiga mata magani a idon, na rufe mata shi da tsumma mai tsabta. Kowa ta sami abin yi da hannunta. Gapseng ta zauna a hagunta, abin da ba ta saba yi ba, don kullum ta fi son ɓarin da za ta yi ihu. Ta kira ta da sunanta, ba kurma ba. Ta ce akwai maganar da za ta faɗa, ta fara da shekarar da guguwa ta ɗauke rufin ɗakin awo.

"Na sani," in ji Sundok.

Maganarta yanzu a hankali take fita, wasu haruffan suna zamewa.

"Tun ranar farko. Wa ke ɓamɓare kumba ta bar tabon ƙarfe a hagu in ba ke ba? Shekara nawa ina gaya miki kina ɓata kaya."

Gapseng ta ce, to me ya hana ta magana?

"Kin taɓa jin wadda aka zuba wa ta yi magana?" Ta gyara tsumman da ke idonta. "Kuma ina so. Kada ki ɗauka duka ki kai gida, ba naki ba ne ke kaɗai. Duk ranar da na tsaya gaban ma'auni na san abin da nake yi. Na ce bari in ƙara wata ɗaya. Wata ya ƙare in ce bari in ƙara ɗaya."

Wata daga cikin manyan ta fara kuka a hankali, Sundok ta ce ta tashi ta yi a waje, hayaƙi ya ishi mutane. Ta ce kada wanda ya gaya wa Hyeran. Yarinyar tana ɗauke da nata, ba sai an ƙara mata da sanin cewa duk garin sun haɗu sun rufe ta ba. Daga nan ta juya kan Gapseng ta ce ta daina zama a gaɓa kamar wadda aka yi wa mutuwa, tun kaka ba ta shiga zurfi ba, kowa ya sani. Ta ce ta ɗauki matar ɗan mai jirgi a matsayin abokiyar ruwa, numfashinta dogo ne ko da yake ba ta da kai.

"Ba na son ta," in ji Gapseng. "Surutu gare ta."

"To kun dace."

Babu wanda ya yi dariya sosai. Daga bakin hanya Hyeran ta danna ƙahon mota. Ya zo ta ɓarin dama, Sundok ba ta ji ba, sai da na taɓa kafaɗarta. Ta tashi ta dafa dutse, ta ɗauki jakarta. Rigar robar ta bar ta a shanye inda take, ta ce wani ya kai mata gida idan ta bushe.

Da kaka ta zagayo, Sundok ta rufe gidan ta koma birni gaba ɗaya, wani dogon bene kusa da asibitin ido. Fuskar ta ɗan motsa a gefen baki, idon kuwa sai da aka ɗinke masa gefe. Nakan je idan na shiga birni, in zauna a hagunta, ta tambaye ni ruwa ya yi sanyi ko bai yi ba, wa ta fi kamu, wa ta yi faɗa da wa. Gapseng tana shiga da matar ɗan mai jirgi. Har yanzu ba su saba ba.